Madara Kowace Awa

A gidanmu ba a cewa olsa, ba a cewa gyambon ciki. Ciwon Baba ake cewa, kuma duk wanda zai faɗa sai ya rage murya. Mahaifinmu akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa a Gusau, ya rasu ina ɗan firamare, bai kai hamsin ba. Abin da na tashi ina ji a bakin kowa shi ne aiki ya kashe shi. In kakar gyaɗa ta kama yakan duƙufa a teburinsa tun safe har rana ta faɗi, ba ci ba sha sai goro, har aikin ya cinye masa ciki. Haka Inna ta ce, haka ƙannensa suka ce, kuma wai haka likitan da ya duba shi ya ce, wani dattijon Bature da ke asibitin garin a wancan zamani. Na girma da wannan magana ban taɓa tona ta ba.

Sai ga ni a Manchester, furfura ta fara leƙo min, shekaruna sun kusa cimma na Baba, ina aiki a sashen gidaje na hukumar birni, wadda a nan kowa ke ce wa kansul. Lokacin ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu ba sani ba sabo. Kusan kowace Juma'a sai an yanka kek a ofishinmu an yi wa wani ban kwana, Litinin ta zagayo a kwaso fayilolinsa a jibge wa wanda ya rage. Mu da muka rage aka ce mu gode wa Allah, kuma mun gode, amma aikin mutum uku ne a wuyan kowa. Masu neman gida kuwa ƙaruwa suka yi. Mace ce za ta zauna a gabanka da 'ya'yanta da jakunkunansu, ka ce mata me, ta jira ka je ka ci abinci? Na koma ci a tsaye, in ma na tuna, sauran yinin kuma gahawa ce ke riƙe da ni.

Ciwon ya fara a hankali. Wani zafi ne a ƙasan ƙirji kamar an ajiye maka garwashi, in na ci wani abu ya lafa, in ciki ya yi wayam ya dawo da ƙarfinsa. Na yi ta maza watanni. Mai ɗakina ce ta lura wandunana sun fara yi min yawa, ta tsare ni a kicin ta ce ko in je wurin GP, likitar unguwarmu, da ƙafata ko ta kira Yaya. Na zaɓi GP, don na san wace ce Yaya.

Likitar ta danna min ciki nan da can, tana tambaya tana bugawa a kwamfuta. Da ta zo kan ko akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginmu, na ce mahaifina ciwon ciki ne ajalinsa, kuma kusan a shekaruna. Sai yatsunta suka tsaya. Na kuwa gani. Ta ce za ta tura ni asibiti a zura min 'yar kyamara ta maƙogwaro a leƙa cikin, ta ba ni hutun aiki, ta ce layin da ɗan tsawo amma za a kira ni. Na fito titin Stockport na kama hanyar gida. Tun ina jami'a nake zargin ciwon daji ne ya kashe Baba aka kasa ganewa, kuma na sha jin ana cewa yana bin jini. Ƙaramar 'yata a lokacin ba ta wuce shekarun da nake da su ba ranar da aka fita da gawarsa. Tsoro na ji, tsoro sosai, irin wanda ke hana ka jin abin da ake faɗa maka.

Mai ɗakina ta kira Yaya duk da haka.

Yaya ita ce babbarmu, ni ne auta, kuma har yau Auta take ce min ko a gaban 'ya'yana. A Small Heath take zaune, a Birmingham, da mijinta, injiniya ne da ya yi ritaya, kowa Alhaji yake ce masa. Ita ta yi jinyar Baba tana budurwa, don ita ce ta yi makaranta, ita ke jin abin da likita ke faɗa. Da aka gaya mata ba ta ma nemi magana da ni ba. Cewa ta yi da mai ɗakina, ke kina koyarwa a makarantar yara, wa zai kula da shi da rana, ki sa shi a mota gobe ki turo min shi. Haka aka turo ni kamar saƙo.

Ina shiga gidan ta karɓe wayata da kwamfutata ta kulle a durowar da take ajiye gwalagwalanta. Sannan ta zaunar da ni ta karanto min dokokin Baturen likita da ka, ba tuntuɓe, kamar mai biya hadda. Madara mai ɗumi rabin kofi kowace awa, daga asuba har a kwanta. Kunu mara tsami, shinkafar da ta dahu ta yi luguf, ƙwai dafaffe sama-sama. Ba yaji, ba goro, ba shayi, ba soyayye. Karatu ma an hana, da rubutu, da duk wani tunani mai nauyi, domin a cewar likitan mai aikin ƙwaƙwalwa jininsa duk ka yake hawa, ya bar ciki ba mai narka masa abinci, shi kuma cikin in ya rasa abin narkawa sai ya juya ya ci kansa. In an ci abinci a kwanta, kuma kada a gaya wa majinyaci labarin da zai tayar masa da hankali. Babbar dokar kuwa, wadda ta maimaita tana nuna ni da yatsa, ita ce kada a kuskura a bar ciki wayam ko na ɗan lokaci.

Na ce Yaya, wannan fa maganar zamanin da ce, tun ba a haifi likitocin yanzu ba. Ta ce cikin ɗan Adam ne ya canza daga lokacin zuwa yau? Na karɓi kofin.

Kai, na sha madara a gidan nan. Na sha har na fara jin ƙarninta a numfashina. Ina cikin gyangyaɗi sai in ji takun silifas ɗinta a matakala, in dubi agogo, ba ta taɓa makara ba. In iska ta kaɗo daga wajen titin Coventry ta kawo ƙanshin gasasshen nama, ji nake kamar in yi kuka. Alhaji, bawan Allah, an kore shi da tuwonsa da miyar kuka da yajinsa zuwa ɗakin baya don kada in gani in yi kwaɗayi. Yakan leƙo bayan ya wanke hannu ya yi min sannu, ya ce in yi haƙuri, shi ma da ya yi mura bara bai sha da daɗi ba.

Masu dubiya suka yi ta zuwa, don a Small Heath in Bahaushe ya yi atishawa da safe, kafin la'asar an ji a masallaci. Kowa da nasa maganin. Wannan ta ce a jiƙa jar kanwa, wancan ya ce zuma da sassafe, wata ta kawo ruwan kabeji a gora, warinsa kaɗai ya isa ya kori ciwon da mai ciwon. Yaya ta yi wa kowa godiya ta kai kicin ta ajiye, ba wanda ya kai bakina. Akwai wani likita a cikinsu, abokin Alhaji, da ya ga kofin ya fara cewa ai Hajiya yanzu an bar wannan. Ta tambaye shi cikin ladabi shi likitan mene ne. Ya ce na ido. Ta ce to madalla, ta tura masa farantin cincin. Bai sake tayar da zancen ba.

Ranar Asabar mai ɗakina ta kawo yara su gan ni. Suka same ni a kishingiɗe da bargo, ana ba ni kunu da cokali a hannu ina sha kamar wanda aka yaye jiya, suka yi ta dariya da Turancinsu na Manchester wanda Yaya ke cewa ta hanci suke yi. Ƙaramar ta hau cinyata ta tambaye ni yaushe zan dawo, don babu mai iya ɗaure mata igiyar takalmi yadda ba ta kwancewa. Na ce ba da daɗewa ba. Da suka tafi na shiga bayi na kulle, na daɗe ban fito ba.

Gaskiya kuma sai na faɗa, na ji sauƙi a gidan. Zafin ya lafa, na yi barcin da na shekara ban yi ba, kumatuna suka fara dawowa. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa zama haka ba abin yi ba. Na san duk kuliyoyin layin ta taga, na san maƙwabciyar da ba ta shanya sai ranar da za a yi ruwa. Amma tsoron yana nan inda yake. Baba ma ai an ce ya ji sauƙi kafin ƙarshe.

Da aka kira wayar gidan daga asibiti aka sa rana, Yaya ta ce ƙafarka ƙafata. Muka hau doguwar bas muka koma Longsight, unguwarmu a Manchester, ana gobe za a yi, da filas ɗin madara a jakarta tana tsiyaya min a hanya. Nas ɗin da ta kira ta ja min kunne sosai, ta ce daga daren kada in ci komai, kada in sha komai sai ɗan ruwa, ana so cikin ya zama fes don kyamarar ta gani. Na gaya wa Yaya wannan a gida, na sake gaya mata a mota. Ta ce ta ji.

Da safe, bayan mai ɗakina ta fita da yara, na sauko na tarar da Yaya tsaye a kicin da kofi a hannu, tururi na tashi.

Na ce, "Yaya, kin fa ji abin da suka ce."

"Na ji. Amma ba za ka fita gidan nan da ciki wayam ba."

Na yi mata bayani, na sake yi. Ta ƙeƙasa ƙasa. Ta ce tun isha'i rabon cikinka da wani abu, yanzu kuma za ka hau mota ka je ka zauna a layi Allah kaɗai ya san zuwa yaushe, su da suka ce ka zo da yunwa su ne za su kwanta ciwon? Ina magana tana ƙara miƙo min kofin. Ban taɓa ganin Yaya a irin wannan hali ba. Sai na ce a raina rabin kofi ne, kuma ruwa-ruwa ne, kafin mu isa ya wuce. Ni da digirina biyu na karɓa na shanye. Da za mu fita ƙofa ta sake tsiyayo wani daga filas, na ce tun da na sha na farko ai an gama, na ƙara.

A asibiti aka ba ni 'yar rigar nan mai ɗauri ta baya, wadda ba ta san girman kowa ba. Wata nas mai fara'a ta zo tana tambayoyi, ta ce yaushe rabona da ci ko sha. Na ce tun jiya ban ci abinci ba, na kau da kai. Yaya da ke gefe riƙe da kayana ta gyara zama ta ce mata da Turanci, har da alfahari, madararsa kawai ya sha, sau biyu, ba a bar shi da yunwa ba.

Nas ɗin ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce madara lulluɓe bangon ciki take yi, kyamara ba za ta ga komai ba, kuma tana iya tasowa ta shaƙe ni ana cikin aikin. Yau dai ba zai yiwu ba. Za a mayar da ni layi, kuma ta ce ba za ta yi min ƙarya ba, ma'aikata sun yi ƙaranci, ba ta san yaushe ba. Na cire rigar na sa kayana muka fito.

A tashar bas na fashe. Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani, amma ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na ce makonni nake kwana ina tashi da fargaba, yau ce ranar da zan san ko zan ga auren 'ya'yana ko ba zan gani ba, ta zo ta ɓata min da camfin wani tsohon Bature da tuni ya zama ƙasa. Mutane na kallonmu, ko a jikina. Sannan na faɗi wadda ta fi duka muni. Na ce Baban ma da aka yi ta ɗura masa madarar, ai ba ta hana shi mutuwa ba.

Yaya ta zauna a kan ɗan bencin tashar. Sannan ta yi magana a hankali, ba ta dube ni ba.

"Ranar ban ba shi ba, Auta."

Ban gane ba sai da ta ci gaba. Ashe ita ce kullum ke zuwa bakin kasuwa da sassafe ta karɓo madara a wurin wata Bafulatana, ta tafasa, ta ba Baba kofin farko kafin ya yi komai. Watanni tana yi ba fashi. Sai bikin babbar ƙawarta ya zo, ta roƙi Inna ta bar ta ta kwana gidan amarya ranar ƙunshi, da alkawarin za ta dawo da asuba. Asubar ta yi, ta leƙa lallen ta ga bai kama yadda take so ba, ƙawaye suka ce haba, ki bari ya ƙara ja mana, ta ce to bari ta ɗan jira. Sai da rana ta fito sosai ta kwance, ta taho da gudu. Ta tarar Baba ya fita. Ya ga jikinsa ya yi ƙwari, kamfani kuma sun aiko cewa kaka ta kama, ya sa rigarsa ya tafi ba komai a cikinsa. Kafin azahar aka kawo labari ya yi aman jini a ofis. Daga asibiti gawarsa aka dawo da ita.

A zaman makoki, in ji ta, Inna ta dube ta sau ɗaya ta ce da kina nan da bai fita da yunwa ba. Ba ta sake faɗa ba har ta koma ga Allah, kuma ba ta taɓa canza mata fuska ba, amma an riga an faɗa. Ina tsaye a wurin sai na tuna ban taɓa ganin lalle a hannun Yaya ba, ko a bikin 'ya'yanta, mu kuma muka ɗauka ustazanci ne. Ni abin da na riƙe na ranar rasuwar kawai shi ne an cika zaure da mutane an hana ni fita wasa. Kusan shekara arba'in matar nan tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana yi mana faɗa, tana aurar da mu, ba wanda ya sani, har Alhaji.

Na zauna kusa da ita na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ita ce ta ɓata min rana, ta sani, kuma tun tana tafasa madarar ta san ba daidai take yi ba. Amma da ta ga zan sa takalmi in fita ba komai a cikina, wallahi kasa jurewa ta yi. Bas ta zo muka hau.

Na koma Small Heath tare da ita, ba wanda ya tilasta ni. Na ci gaba da shan madarar ban ƙara yin ƙorafi ba, har in na ji takunta nakan tashi zaune in miƙa hannu. Kwanakin nan su suka fi min nauyi. Da, tsoron kaina nake ji da na yarana, yanzu kuwa an ƙara min wani. In abin nan ya zama abin da nake zargi, Yaya za ta ce jinkirin da ta jawo ne, ta haɗa ni da Baba ta ɗauka. Na yi addu'a kamar ban taɓa yi ba, ina roƙon Allah ko don ita ya sa ba shi ba ne.

Cikin ikon Allah ba a daɗe sosai ba aka sake kira, wani ya fasa zuwa, in zan iya in zo jibi. Yaya ce ta ɗauki wayar, ta ce zai iya tun ba a tambaye ni ba.

Wannan karon kanta ta yi wa shiri. Tun a Birmingham ta bar filas ɗin a kan firij. Ranar ta tashi da azumin nafila, mai ɗakina ce ta kai mata sahur har ɗaki, don ta ce in ba ta shiga kicin ba ba za ta ga tukunya ba, kuma in yunwa ce mu sha ta tare. Da za mu fita ta tsaya a bakin ƙofa ta dafa bango, leɓunanta na motsi. Na jira ta. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce mu je.

Aikin kansa bai ɗauki lokaci ba, amma Allah kada ya maimaita. Aka fesa min wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, aka kwantar da ni ta gefe aka ce in haɗiye, ina kakari hawaye na zuba, wata nas na shafa min kafaɗa tana ce min yaron kirki, ni da furfurata. Bayan an gama aka bar ni na huta, sannan aka kira mu wani ɗan ɗaki ni da Yaya.

Likitar matashiya ce, ba za ta girmi babbar 'yar Yaya ba. Ta juyo mana da kwamfutarta ta nuna wani ɗan farin tabo a wurin da ciki ke sakin abinci zuwa hanji. Ta ce ga shi nan, gyambo ne ƙarami, kuma a wurin da yake ba irin wanda ke zama daji ba ne. Ta duba ko'ina ba ta ga abin tsoro ba. Na ce ta maimaita, ta maimaita tana murmushi. Wallahi ji na yi an sauke min kaya. Na yi ta cewa alhamdulillahi, Yaya na tayawa ƙasa-ƙasa. Abin da ya fara zuwa raina bayan hamdalar, ba zan ɓoye ba, tsire ne.

Ta ci gaba da cewa sun ɗan gutsuro daga bangon cikin sun gwada, sun sami wata ƙwayar cuta da ke zama a can, ita ke haddasa yawancin irin wannan gyambo. Tun yarinta ake ɗaukarta, tana da yawa a ƙasashenmu, mutum na iya yawo da ita shekaru bai sani ba. Maganinta ƙwayoyi ne na 'yan kwanaki, in an sha ta mutu gyambon ya warke, da wuya ya dawo. Haka kuwa aka yi daga baya, har yau ban sake jin garwashin nan ba. Na ce to aiki fa? Ta ce wahala da damuwa da tsallake abinci suna sa mutum ya fi jin ciwon, hutun da na yi ya amfane ni, kuma gara in daina yi wa kansul aikin mutum uku. Amma ba aiki ne ya huda min ciki ba. Na ba ta labarin Baba a taƙaice da dokokin Baturen, ba ta yi dariya ba. Ta ce a zamanin ba wanda ya san da ƙwayar nan a duniya, likitoci abin da suka sani suka bayar, kuma da zuciya ɗaya suka bayar.

Sai na ji Yaya ta taɓa min gwiwa. Matar da ke wanke ma'aikatan kansul tas da Turanci a waya, ranar Turancin gudu ya yi ya bar ta.

"Tambaye ta," ta ce da Hausa. "In ana ba mutum madarar kullum, rana ɗaya aka rasa ba shi, ya fita da yunwa. Tambaye ta."

Na tambaya. Likitar ta dube ni, ta dubi Yaya, ina jin ta gane fiye da abin da na faɗa. Ta juyo da kujerarta ta fuskanci Yaya, ta yi magana a hankali. Ta ce ba za ta iya faɗin abin da ya kashe mutumin da ba ta taɓa gani ba. Amma madara kwantar da zafi kawai take yi na ɗan lokaci, ba ta warkar da gyambo, ba ta hana shi fashewa. In gyambo ya ci ya kai ga jijiya zai zubar da jini, ko an sha madara a safiyar ko ba a sha ba. Ta ce wannan kam tana da tabbaci a kai.

Na buɗe baki zan fassara, Yaya ta ɗaga min hannu, ta ji. Ta yi wa likitar godiya, ta miƙe ta gyara mayafi, ta ɗauki jakarta da tawa muka fito. Sai da muka kai tsakiyar doguwar barandar asibitin ta tsaya, ta jingina da bango, ta rufe fuska da mayafin ta fashe da kuka. Irin kukan yarinya, da shessheƙa, kafaɗunta na girgiza. Masu tura gadaje suna ratsa mu. Ban hana ta ba, na tsaya a gabanta na kare ta daga idon mutane, nawa hawayen ma na zuba.

Da ya ishe ta ta share ido ta ce ina ma Inna ta ji wannan. Na ce ai Inna ta yafe tun tuni, kowa ya ga yadda take ji da ke.

"Ba yafiya nake so ba. So nake ta sani."

Ta fyace hanci, ta dube ni daga sama har ƙasa kamar mai tabbatar da ina nan, ta ce, "Auta, yau zan yi barci."

Ba ta ma jira dare ba. Muna hawa bas ta ɗora kai a kafaɗata, da azuminta da komai, ba mu yi nisa ba ta fara minshari, wasu 'yan makaranta a bayanmu suna ƙunshe dariya. Muka zo tasharmu ta Longsight, na ga shagon mai nama da kwanar gidanmu ta taga. Ban danna ƙararrawa ba, na gyara mata kafaɗar, motar ta wuce da mu.